Ina Jinin Ya Tafi?

Ranar awo, a kowane asibitin gwamnati daga Kano har Maraɗi, kafin mai ciki ta kai ga ɗakin gwaji ma'aikaciyar jinya ta riga ta gama nata gwajin. Takan sa babban yatsa ta janyo fatar ido ƙasa ta leƙa, sannan ta ce, "Buɗe hannunki in gani." In cikin idon ya yi ja, tafin hannu ma da ɗan jini-jini, sai ta kira ta gaba. In kuwa ta tarar sun ɗashe, sun yi fari fat kamar an wanke su da sabulu, sai ta ɗago kai ta ƙare wa matar kallo. "Baiwar Allah, ai ba ki da jini."

Ba kasafai maganar ke ba matar mamaki ba. Ta daɗe da sanin jirin da ke ɗibarta in ta miƙe daga gaban murhu, da hakin da take yi in ta ɗauko bokitin ruwa daga bakin rijiya, da yadda zuciyarta ke bugawa da ƙarfi alhali ba gudu ta yi ba. Wataƙila ma ta jima tana gutsurar farar ƙasa a ɓoye, ko tana tauna ƙanƙara, tana cewa kwaɗayin ciki ne. Duk ta jingina su ga laulayi. Haka ta ga uwarta ta yi, haka yayarta take, haka maƙwabta.

Jikin babban mutum yana ɗauke da jini kamar lita biyar, kuma mai ƙarancin jini yawanci litocinsa suna nan. Abin da ya ragu shi ne ƙarfin jinin, wato jajayen ƙwayoyin da ke yawo a cikinsa da sinadarin da ke cikin ƙwayoyin, wanda likitoci ke kira himogulobin. Shi ya ba jini jan launinsa, kuma shi ne ɗan dakon da ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ƙwaƙwalwa da tsoka da mahaifa da kowane lungu na jiki. In 'yan dako suka yi kaɗan, kaya ba ya isa kan lokaci. Sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓi, numfashi ya ƙaru, kai ya yi nauyi. Daga nan kasala da haki da jiri suke tasowa. In abin ya tsananta zuciyar kan gaji, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya rigingine saboda numfashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni. Cikin kashi ɗaya bisa goma na litar jini, namiji baligi ya kamata a samu giram 13 na himogulobin ko fiye, mace giram 12, mai ciki kuwa wajen giram 11. Wanda nasa ya gaza giram 7 yana cikin haɗari. A asibitocin Najeriya an fi jin kalmar PCV, wadda ke nuna kashi nawa ne jajayen ƙwayoyi cikin jinin da aka ɗiba. A lissafin hukumar, kashi 40 cikin 100 na yaran duniya 'yan wata shida zuwa shekara biyar suna da ƙarancin jini, haka kashi 37 na masu ciki. Namu ya wuce haka nesa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na mata masu shekara 15 zuwa 49 da wannan matsala, a jihar Zamfara kuwa yaran sun kai kashi 84. A Nijar, binciken 2012 ya samu kashi 73 na yara.

In yara bakwai cikin goma a unguwa suna da abu, ido kan saba da shi har ya daina ganinsa. Yaron da ba ya son wasa sai a ce mai haƙuri ne. Yarinyar da ke gyangyaɗi a aji sai a ce malalaciya ce. Alhali ƙwaƙwalwar yaro a shekaru biyu na farko tana buƙatar sinadarin ƙarfe don ta ginu, kuma abin da ta rasa a lokacin ba lallai ne a iya mayar mata da shi duka daga baya ba.

Ƙarancin jini alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Mai randar da ruwanta ke raguwa kullum ba ta tsaya ga ƙara zuba ruwa kawai ba, takan duba ko ba a zubawa ne yadda ya kamata, ko randar ta tsage, ko kuwa wani ne ke kwasa. Tambayar da ta kamaci duk wanda aka ce masa ba shi da jini ke nan: ina jinin ya tafi? Abin takaici, mafi yawan mutane ba sa kaiwa ga wannan tambaya. Daga asibiti sai kemis, a sayi kwalbar maganin ƙarin jini, a haɗa da gwangwanin malti da madara, a ɗauka an gama.

A cikin ɓargon ƙashi ake ƙera jini. Kowace daƙiƙa ɓargo yana fitar da jajayen ƙwayoyi kusan miliyan biyu, kowace ƙwaya ta yi kwana 120 tana aiki, sannan saifa da hanta su rushe ta. Jiki mai tattali ne ƙwarai, domin ƙarfen da ke cikin tsohuwar ƙwaya ba ya zubar da shi, mayar da shi yake yi ɓargo a sake amfani da shi. Duk ƙarfen da ke jikin mutum giram uku ne zuwa huɗu, bai wuce nauyin ƙaramar ƙusa ba, kuma abin da namiji ke rasawa a rana bai fi miligiram ɗaya ko biyu ba. Mace kuwa lissafinta daban ne. Kowane wata haila tana tafiya da wani kaso, ciki guda ɗaya kuma yana cin kusan miligiram 1,000. Macen da ta haihu, ta yi shayarwa, ta sake ɗaukar ciki kafin ta mayar da abin da ta kashe, tana shiga kowane sabon ciki da ma'ajiya ƙasa da ta baya.

Sai maganar abinci, inda a nan ne rashin fahimta ya fi yawa. Gero da dawa da wake suna da ƙarfe, haka zogale da alayyafo da rama da kuka. Matsalar ita ce hanji ba ya iya zuƙar ƙarfen tsirrai sai ɗan kaɗan, saboda a cikin hatsin kansa akwai wani sinadari da ke ɗaure ƙarfen ya hana shi shiga jini. Ƙarfen nama da hanta da kifi ya fi saurin shiga nesa ba kusa ba, kuma ɗan nama kaɗan a cikin miya yana taimaka wa na ganyen ma ya shiga. To amma a gidaje da yawa an san kwanon da tsokar nama ke faɗawa. Wadda ta fi kowa buƙata a gidan, wato mai ciki ko mai shayarwa ko budurwar da ta fara haila, sau da yawa ita ce ke ƙarewa da romo.

Akwai dabarun da ba sa cin kuɗi. Jiƙa gero da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa ƙullun koko, yana rage sinadarin nan mai ɗaure ƙarfe, don haka iyayenmu mata sun daɗe suna yin daidai. Bitamin C yana buɗe wa ƙarfe hanya, shi ya sa matsa lemun tsami a kan kwaɗon zogale, ko cin gwaiba ko lemu bayan tuwo, yake da amfani na gaske. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Ganyensa yana da sinadarin da ke kama ƙarfe a cikin hanji, saboda haka mai ƙarancin jini gara ya bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da kofin shayi. Malti da madara suna ba da kuzari na ɗan lokaci saboda sukari, amma ƙarfen da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba, madarar ma tana rage zuƙarsa. Jan launin zoɓo kuma ba shi da dangantaka da jan launin jini.

Jariri yana zuwa duniya da guzurin ƙarfe da ya samu daga uwarsa, wanda kan kai shi wata shida. Ana ƙara masa wannan guzuri idan aka jinkirta yanke cibiya na aƙalla minti ɗaya bayan haihuwa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa yi. Bayan wata shida guzurin ya ƙare, nonon uwa kuma, duk da albarkar da ke cikinsa, ƙarfensa kaɗan ne. Yaron da aka ɗora a kan koko zalla daga nan har yaye, babu ƙwai, babu garin kifi, babu wake ko gyaɗa, shi ne ake kawowa asibiti yana ɗan shekara ɗaya da tafin hannu fari. Wannan ne ya sa masana aikin gona suka shiga maganar. A 2018 aka fitar da wani irin gero a Nijar mai suna Chakti, wanda cibiyar bincike ta ICRISAT ta samar, mai ƙarfe fiye da geron da aka saba shukawa, kuma mai nuna da wuri.

Da ƙarancin ƙarfe ne kaɗai matsalar, da ƙwayoyin magani sun daɗe da gamawa da ita. A ƙasar Hausa akwai wani mai kwasar jinin, kuma Zariya na cikin wuraren da aka tabbatar da haka a ilimance. Farfesa Alan Fleming, masanin cututtukan jini ɗan Ingila da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, tare da Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata ɗan asalin jihar Ribas, sun bi mata Hausawa 200 masu cikin fari. Suka kasa su rukuni-rukuni, wasu aka ba su maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro kaɗai, wasu aka haɗa musu da ƙarfe, wasu da folik asid, wasu da duka. Sakamakon da suka wallafa a 1986 ya nuna cewa maganin zazzaɓin shi kaɗai ya rage ƙarancin jini mai tsanani ƙwarai da gaske. Dalili kuwa, ƙwayar cutar da sauro ke sakawa a cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, ta hayayyafa, ta fasa su ta fito. Saifa kuma, garin share waɗanda suka kamu, takan haɗa da lafiyayyu. Mai cikin fari ta fi kowa shiga wannan haɗari, domin cutar kan taru a mabiyiya ko da matar ba ta jin zazzaɓi a jikinta.

Shi ya sa a wurin awo ake ba mai ciki ƙwayoyin Fansidar aƙalla sau uku daga wata na huɗu, kuma shi ya sa tun bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012 ake bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a arewacin Najeriya da Nijar. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara na asibiti a watan Satumba ya san yadda ake layin neman ledar jini. Gidan sauro, a wannan lissafi, maganin ƙarin jini ne.

Wani darasin ya zo daga tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2006, an riƙa ba dubban yara ƙarfe da folik asid kullum ba tare da an tantance mai buƙata ba, a wurin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Dole aka dakatar da wannan ɓangare na gwajin, saboda yaran da ke shan maganin sun fi sauran yawan kwanciya a asibiti. Tun daga nan ƙa'idar ta zama a haɗa ba da ƙarfe da kariya daga zazzaɓi da kuma maganinsa.

Randar kuma takan yi yoyo ta inda ba a gani. Tsutsar ciki mai ƙugiya tana shiga ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi a ƙasa mai danshi da aka yi bahaya a kanta, ta maƙale a hanji tana tsotso. Abin da ɗaya ke sha a rana ɗan kaɗan ne, amma in sun kai ɗaruruwa sai su rinjayi ɓargo. Tsargiya, wadda yara maza ke ɗauka a kududdufai da magudanan noman rani, tana fitar da jini ta fitsari, har a wasu ƙauyuka ana ɗaukar abin alamar balaga. Dukansu suna da magani mai araha. Ga manya kuwa akwai gyambon ciki, da basir mai zubar da jini, da yawan shan magungunan ciwon jiki da ke cin bangon ciki, da ƙari a mahaifa mai sa haila ta yi yawa. Namiji baligi ko macen da ta daina haila, in aka same su da ƙarancin ƙarfe, wajibi ne a nemo inda jinin ke zuba, domin wani lokaci wannan ce alamar farko ta ciwon daji a hanji. Ciwon ƙoda ma yana kawo shi, tunda ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jini.

Sai wanda ake gado. A 1910 wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, ya bayyana jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Girenada, wanda ƙwayoyinsa suka lanƙwashe kamar lauje. Daga sunan lauje a Turanci aka samo kalmar sikila, cutar da Hausawa ke kira amosanin jini. Irin waɗannan ƙwayoyi kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi su mutu, ga shi suna toshe ƙananan jijiyoyi su haddasa ciwon da mai shi kaɗai ya san zafinsa. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa wanda ya gaji rabin abin, wato mai AS, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da ya bayyana dalilin yawansa a ƙasashenmu. A binciken zazzaɓin da aka yi a gundumar Garki, cikin jihar Jigawa ta yanzu, a shekarun 1970, Fleming da abokan aikinsa sun samu kusan jarirai biyu cikin ɗari da sikila, amma cikin manya da ƙyar aka samu mai ita. Yaran ba sa kaiwa girma.

Yau suna kaiwa, in an gano da wuri an kuma kula. Ana ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila a Najeriya kowace shekara, kuma binciken 2018 ya samu yaro ɗaya cikin biyar yana da AS. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila, kuma lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, ba ya la'akari da 'ya'yan da suka gabata. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na gano mai AS ko SS. Abin da ya kamata iyayen mai sikila su riƙe shi ne, ɗansu yawanci ba ƙarfe ya rasa ba. Ƙarfen ƙwayoyin da suka fashe yana nan a jikinsa, kowace ledar jini da aka ƙara masa kuma tana daɗa masa wani. Ɗura masa maganin ƙarin jini mai ƙarfe ba da gwaji ba na iya cutar da hantarsa da zuciyarsa. Abin da ake ba shi shi ne folik asid, da kariya daga zazzaɓi da sauran cututtuka, da maganin haidiroksiyuriya ga wanda likita ya ga ya dace.

Ranar haihuwa ce ranar da bashin ke fitowa fili. Mace mai cikakken jini tana iya zubar da rabin lita ta tashi lafiya. Wadda ta shiga naƙuda da giram 6 ko 7 ba ta da rarar da za ta bayar, ga shi mahaifarta ma ba ta saurin tsukewa bayan haihuwa, don haka ta fi saurin zubar da jinin. Nan ne za a ga miji da 'yan'uwa suna zarya tsakar dare suna neman wanda jininsa ya dace. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya na wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 a ƙasashen Afirka huɗu, aka wallafa a 2023. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin a ga yawansa, maimakon a ƙiyasta da ido, sannan a ba da duk matakan tsayar da shi a tare. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Tun a wurin awo ya kamata a tare matsalar, da ƙwayar ƙarfe da folik asid kullum. Mata da yawa kan ajiye su bayan 'yan kwanaki, kuma suna da dalili: tashin zuciya, taurin bahaya, da baƙin bahayan da ke tsoratar da wadda ba a yi wa bayani ba. Wasu kuma sun ji an ce maganin yana sa jariri ya yi girman da zai wahalar da haihuwa. Minti biyu na bayani daga ma'aikaciyar jinya zai warware yawancin wannan, a ce baƙin bahayan ba komai ba ne, a sha da dare in da safe yana tayar da zuciya, a nisanta shi da shayi, a ɓoye shi inda yara ba za su kai ba domin yawansa guba ne gare su, kuma a ci gaba da sha wata uku bayan jinin ya dawo don a cike ma'ajiya. Ga waɗanda ƙwayar ta gagara akwai ƙarfen da ake sawa ta jijiya sau ɗaya. Gwajin da Farfesa Bosede Afolabi ta jagoranta a kan masu ciki fiye da 1,000 a Legas da Kano, wanda aka wallafa a 2024, ya nuna na jijiyar ya fi ƙwaya cike ma'ajiyar ƙarfe. Amma da aka ƙirga matan da har yanzu ke da ƙarancin jini dab da haihuwa, bambancin bai yi yawa ba, domin da yawansu ba ƙarfe kaɗai suka rasa ba.

Harrison, wanda ya tattara bayanan haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya lura da wani abu a cikin matan nan masu cikin fari da suka bi shi da Fleming. Da yawansu 'yan mata ne ƙanana da ba su gama girma ba, irin waɗanda ƙugunsu kan kasa fitar da jariri, su yi kwanaki suna naƙuda. An auna tsawonsu a farkon awo, aka sake aunawa bayan haihuwa. Cikin waɗanda aka kare daga zazzaɓi aka kuma ba su ƙarfe da folik asid, da yawa sun ƙara tsawo alhali suna ɗauke da cikin.